Kifaffen Turmin Koci Ɗanlami

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Koci Ɗanlami ya rasu.

Ina tsaye a ƙofar shagon fentin da nake aiki, ina fama da kwaɗo, sai waya ta yi ƙara. Emeka ne, mai sayar da kayan gyaran janareta a Darmanawa, wanda muke ɗaga ƙarfe tare. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Akawu, Koci ya rasu."

Na ce, "Wane Kocin?"

Alhali koci ɗaya muke da shi.

Wai ya dawo daga sallar asuba ya ce wa iyalinsa kansa na sara masa, ya kishingiɗa a tabarma. Kafin a samo adaidaita sahu rai ya yi halinsa.

An yi jana'iza bayan azahar. Yanzu na dawo, na yi wanka, na zauna. Ban saba rubutu a nan ba, waɗanda suka san ni sun san sai in yi wata uku ban sa komai ba. Na goge farkon wannan rubutun sau huɗu. Idan ya yi tsawo ku yi haƙuri.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Malam Ɗanlami mai walda ne a Gyaɗi-Gyaɗi. Ƙofofi yake yi, da tagogi, da gadajen ƙarfe. A bayan shagonsa akwai ɗan fili da ya rufe da tsohon kwano, a nan muke ɗaga ƙarfe da yamma. Babu allo, babu suna, babu madubi. Sandunan shi ya haɗa su da hannunsa. Farantan da ake zura musu daga tsofaffin ƙarafan mota ya yanko su, ya kai wurin masu gwangwan aka ɗora a sikeli, ya rubuta nauyin kowanne da jan fenti. Akwai wanda aka rubuta wa ashirin da ɗaya da rabi. Ya ƙi ya kira shi ashirin, ya ce ba zai yi wa ƙarfe ƙarya ba.

Shi ya sa mini suna Akawu, saboda littafina. Tun ina sakandare nake rubuta abin da ya faru da ni kowace rana, da na fara ɗaga ƙarfe kuma sai na ware masa littafi daban: ranar, nauyin, sau nawa, yadda jiki ya ji. Da na dawo gida da safen nan, kafin a yi jana'iza, littattafan na ɗauko. Ban san me ya sa ba. Wataƙila don abin da na iya ke nan.

Layin farko da sunansa ya fito, shekara takwas da suka wuce, ga abin da na rubuta: "Na je wurin mai waldar nan. Ya ce bayana na ɗan dako ne, ƙafata ta tsinken tsire."

Haka ya tarbe ni. Kuma gaskiya ya faɗa.

Akwai ɗagawa iri biyu da duk maganar nan take kansu, bari in faɗe su don waɗanda ba sa harkar. Ɗaya ita ce sikwat: ka ɗora sanda a kafaɗa, ka tsuguna, ka miƙe. Koci tsuguno yake ce mata. Ɗayar ita ce dedlif: sanda na ƙasa, ka kama ta da hannu biyu ka miƙe tsaye da ita. Wannan ɗauka yake ce mata, shi ke nan.

A tsakiyar filin akwai wani tsohon turmi da ya tsage, iyalinsa za su jefar ya karɓe, ya rage masa tsawo da zarto, ya kife shi. Idan kana tsuguno dole mazaunanka su taɓa turmin nan kafin ka taso. Taɓawa kawai, ba zama ba. Wanda bai taɓa ba, ba a ƙirga masa. Wanda ya zauna a kai ya huta, sai ya sake daga farko.

Dokarsa kuwa ɗaya ce, kowa ya haddace ta. Abin da za ka ɗauka daga ƙasa ba zai wuce abin da ka tsuguna da shi har turmi ba, sai da faranti ɗaya a kowane gefe. Kilo arba'in ke nan. Kana son ka ƙara a ɗauka, je ka ƙara a tsuguno tukuna.

Ban sani ba ko masana za su yarda da wannan lissafin. Na taɓa tambayarsa inda ya samo shi, ya ce, "A jikin mutanen da na kai asibiti."

Yadda yake bayani shi ne, baya da ƙafa kamar mutum biyu ne da suka ɗauki ƙofar ƙarfe za su hau da ita bene. Idan ɗaya rago ne, ba ragon ne yake karyewa ba, mai ƙarfin ne, don duk nauyin kansa yake komawa. Yakan ce, "Bayanka mai kunya ne, Akawu. Duk abin da ka ɗora masa zai karɓa, ba zai ce maka komai ba. Ranar da zai yi magana, sau ɗaya zai yi."

Ni kuwa tun ina saurayi nake sauke bokitan fenti daga mota. Bayana ya saba. Idan na sunkuya kan sanda sai in lanƙwashe kamar ƙugiya in fizge ta, kuma ta taso. A shekara ta biyar ina tsuguno da kilo casa'in da kyar, gwiwoyi na rawa, amma na san a raina zan iya ɗaukar ɗari da saba'in daga ƙasa. Dokar Koci ta tsayar da ni a ɗari da talatin. Abin yana cina. Na duba littafin ɗazu, a cikin wata guda na rubuta "Koci ya hana" sau bakwai.

Emeka matsalarsa akasin tawa ce. Cinyoyinsa kamar na ɗan dambe, amma da an ɗora masa nauyi sai ƙirjinsa ya zube gaba, bayan ya kasa riƙewa. Shi kuma Koci ya sa shi wata ɗagawa da yake kira gaisuwa: sanda mara nauyi a kafaɗa, ka rusuna da baya miƙe kamar kana gaida surukinka, ka taso. Emeka ya tsane ta.

"Oga, ni fa na riga na yi aure. Wa zan ƙara gaisarwa?"

"Turmin za ka gaisar. Goma sha biyu."

"Akawu ka rubuta, wallahi zaluncin mutumin nan ya yi yawa."

"Ka daina cewa wallahi, kai da za ka coci ranar Lahadi. Ƙirji sama."

Da za a haɗa bayana da ƙafar Emeka, in ji Koci, da an samu mutum ɗaya mai amfani.

Sai wata Asabar. Wurin a cike, har da wasu baƙi biyu da suka zo kallo daga Hotoro. Koci na gaba yana walda. Na ga dama ta samu, na jera faranti har ɗari da tamanin, na ɗaura bel, na shafa alli a hannu. Na sunkuya ke nan sai na ji ƙarar injin walda ta tsaya.

Ya shigo da baƙin gilashinsa a goshi. Ya tsuguna ya zare faranti ɗaya, ya zagaya ɗaya gefen ya zare ɗaya, ya sake dawowa. Yana zarewa yana jerawa a bango, a hankali, kowa yana kallo.

Na ce, "Koci, zan iya fa."

Ya ce, "Na sani."

"To me ya sa?"

"Don za ka iya ɗin."

Wani daga cikin baƙin ya yi dariya. Ba wata dariya ba ce, amma ina da shekara talatin da takwas a lokacin, da mata da 'ya'ya. Na kwance bel ɗin na rataye a ƙusa, na ɗauki littafina na fita. Ban yi sallama ba.

A daren Asabar ɗin, layi ɗaya na rubuta: "Ba yaro ba ne ni."

Na koma wani jim, gidan motsa jiki mai esi da madubai, a wajen Zoo Road. Ba zan ɗora musu laifi ba, babu wanda ya ce in yi abin da na yi. Babu dai wanda ya hana ni. Na daina tsuguno gaba ɗaya, don ba na son yadda nake gani a madubi. Ɗauka kawai. Cikin wata biyar na kai ɗari da casa'in, sannan na ce sai na taɓa ɗari biyu.

Na taɓa. Na sa aka ɗauke ni a bidiyo, na ɗora a nan. Wasunku sun danna laik, wasu sun sa hoton wuta. Na goge bidiyon daga baya, amma kafin in goge na kalle shi ya fi sau ashirin. Gwiwoyina sun miƙe tun sandar ba ta bar ƙasa sosai ba. Daga nan har sama bayan ne kaɗai yake aiki, a lanƙwashe.

Ranar ban ji komai ba. Washegari da asuba na sunkuya zan ɗauki buta, sai na ji kamar an soka mini waya mai wuta daga ƙugu har yatsan ƙafar hagu. A nan maiɗakina ta same ni, hannu ɗaya a bango, na kasa miƙewa, na kasa zama.

A asibiti likita ya ce wani ɗan guringuntsi mai kamar matashin kai da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya turo yana danne jijiya. A unguwa kuwa kowa ya ce basir ne. Ƙanwar babata ta aiko da jarkar magani. Maigidana na shago ya aiko da ƙullin gari. Wani maƙwabci ya rantse idan aka yi mini ƙaho sau uku zan tashi in yi gudu.

Wata huɗu ina salla a kan farar kujerar roba. Wannan ya fi ciwon damuna. Ina shekara talatin da takwas, a ƙarshen sahu tare da dattawa masu sanda, goshina bai taɓa ƙasa ba.

Ban gaya wa Koci ba. Emeka ne ya gaya masa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga sallamarsa a ƙofar gida, da kankana a leda. Ina kwance a ƙasa a falo, da filo ƙarƙashin gwiwa. Na shirya jin "ai na gaya maka". Na ma shirya amsar da zan ba shi.

Bai faɗa ba. Har ya rasu bai taɓa faɗa ba.

Ya ce a ba shi takardar asibiti. Ya juya ta, ya miƙo mini, ya ce in karanta masa in fassara. Na karanta. Ya ce, "To. Abin da likita ya ce shi za ka yi, da masu gashin ƙashin nan na asibiti. Jarkar nan kuma ka ba fulawa ta sha." Sannan ya kalli kujerar robar da ke jingine kusa da darduma, ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Za ka koma sujada, in sha Allahu. Amma ta ƙafa za ka koma."

A nan ya kamata in ce ya yafe mini. Maganar ta zo har bakina. Abin da na ce shi ne, "Koci, ga ruwa."

Bayan kwana biyu ya dawo da wani ƙarfe da ya lanƙwasa, da na'urar huda bango. Ya kafa mini shi a banɗaki don in riƙa kamawa idan zan tashi. Ya gwada shi da nauyinsa, ya rataya a jiki da hannu biyu, sannan ya tafi. Ƙarfen yana nan har yanzu. Yara suna rataya tawul a kai.

Ranar da likita ya sallame ni na koma Gyaɗi-Gyaɗi, bel ɗina yana rataye a ƙusar da na bar shi. Kusan shekara guda. Ya yi ƙura, amma babu wanda ya ɗaura shi. Emeka ya ce sau biyu wani ya miƙa hannu, Koci ya ce, "Mai shi na zuwa."

Da sandar mofa ta goge ɗaki na fara. Ni da na ɗaga ɗari biyu. In riƙe ta a kafaɗa, in sauka har turmi, in taso, Koci na tsaye a gefe da yatsa biyu a ƙasan bayana. Da ya ji wurin ya fara lanƙwasa sai ya ce, "Tsaya. Sake." Wata biyu a haka. Sannan sanda babu faranti. Sannan biyar-biyar. Ya haɗa mini da gaisuwar Emeka, da sandar mofa ita ma, ya ce bayan da aka ji wa ciwo ba a barinsa ya kwanta, sai dai a koya masa aiki daidai gwargwado.

Emeka ya ji daɗin wannan ƙwarai. "Barka da zuwa gidan surukai, Akawu."

Ranar da na fara sujada a ƙasa, sallar magariba ce, a ɗan masallacin da ke kusa da shagonsa. Koci yana gefena a sahu. Na sauka kamar yadda ya koya mini, gwiwa tukuna, baya miƙe. Da aka yi sallama bai kalle ni ba. Muna fita yana sa takalmi ya ce, "Ka ba wani tsoho kujerar nan."

Akwai ƙananan abubuwa da yawa. Ba ya yarda a ɗauki bidiyo a filinsa. Da an kira salla, ko kana tsakiyar ɗagawa, sai a ajiye, Emeka ya zauna gadin wayoyi. Da Kirsimeti matar Emeka takan aiko da shinkafa a kula, Koci ya ci ya ce yaji ya yi yawa, ya ƙara. Da babbar salla cinya guda yake ware wa gidan Emeka, wai ko za ta koma bayan Emeka ta ƙara masa ƙarfi. Bai taɓa yabon kowa a gabansa ba. Idan ka yi daidai sai ya ce "To," ya koma waldarsa.

Cikin shekara biyu tsugunona ya kai ɗari da talatin, har turmi, babu rawar gwiwa. Ban taɓa kai haka ba ko kafin ciwon. A dokar Koci, ɗari da saba'in ta halatta gare ni daga ƙasa.

Amma ban sake ɗaukar komai daga ƙasa ba.

Wannan ban taɓa faɗa a nan ba. Idan an ɗora sandar a kan tayoyi ta kai gwiwa, ina ɗauka. Da an sauke ta ƙasa sai in ja da baya. A shago idan bokiti na ƙasa sai in sami wani aiki a kan kanta har wani ya ɗauke. Ƙaramar 'yata, Ilham, shekararta uku, ban taɓa sunkuyawa na ɗauke ta daga ƙasa ba. Idan ta miƙo hannu sai in zauna a kujera in ce ta hau. Ta saba har ta daina miƙowa, da ta gan ni sai ta nufi kujerar.

Koci ya lura. Wata da watanni bai matsa mini ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Alhamis ɗin da ta wuce ce. Mu uku ne kawai, ni da shi da Emeka. Na gama tsuguno ina rubutawa, sai na ji yana jan sanda zuwa kusurwa. Ya zura faranti da kansa, biyu kowane gefe. Kilo ɗari da ɗan wani abu, don har da mai ashirin da ɗaya da rabin nan.

Ya ce, "Akawu, ajiye biron nan ka zo ka ɗauka."

Na je. Na gyara ƙafa, na sauka, na kama. Ƙarfen ya yi ɗumi saboda rana. Na ja numfashi. Sai na ji wurin nan a ƙuguna, ba ciwo ba, tunanin ciwon. Na saki, na miƙe.

Na ce, "Sati mai zuwa, Koci."

Emeka ya buɗe baki zai yi tsiya, Koci ya ɗaga masa hannu.

Ya ce, "Ƙafarka ta yi, bayanka ya yi. Tsoron ne bai warke ba." Ya goge gumi da gefen rigarsa. "Zan bar ta a nan yadda take. Babu mai taɓa ta. Ranar da ka zo, ba da baya za ka ja ta ba. Ƙasa za ka tura da ƙafa, bayan ya riƙe kawai. Kowa ya yi aikinsa."

Na ce to.

Abin da na rubuta a littafi ranar ke nan: "Tsuguno 130, sau uku, seti uku. Ɗauka: ban yi ba. Koci ya zauna a kan turmi sau biyu."

Wannan layin na ƙarshe na daɗe ina kallo da safen nan. Mutumin da ba ya barin kowa ya zauna a kan turmin nan. Na gani, na rubuta, ban tambaye shi ko lafiya ba. Emeka ya ce ashe ya jima yana fama da hawan jini, yana shan magani yana bari. Ban ce tambayata za ta canza komai ba, kwana ya ƙare. Amma shekara takwas ina rubuta nauyin ƙarfe har da rabin kilo, ban taɓa rubuta yadda mutumin da ke tsaye a gefena yake ba.

Yau bayan azahar aka fito da shi ƙofar gida. Jama'a ta cika layin har bakin titi: masu walda, masu adaidaita, 'yan kasuwa, da mu 'yan ƙarfe, wasu ban gan su ba shekara biyar. Emeka ya tsaya can jikin katanga da hularsa a hannu, riƙe da wayoyinmu kamar kullum.

Makarar ta ƙarfe ce. Shi ya yi wa masallacin unguwar ita da hannunsa shekarun baya, kuma kamar duk abin da ya haɗa, bai yi rowar ƙarfe ba. Shi kansa ba ƙaramin mutum ba ne.

Kafin a tayar da salla liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Aka amsa an yafe. Na tsaya ina jira ko zai faɗi abin da wanda ya yi wa mamacin laifi zai yi. Bai faɗa ba, aka yi kabbara.

Da aka sallame, ƙanensa Malam Sabo ya waiwayo ya kamo hannuna. Ya ce, "Ku 'yan ƙarfensa, ku zo ku ɗauki malaminku."

Makarar na ƙasa. Mariƙinta ya fi sandar da ya bar mini a kusurwa kusa da ƙasa.

Aka ba ni gefen kai, ta hagu. Zan faɗi gaskiya: na duba baya ko akwai wanda zan matsa wa. Akwai mutane da yawa, da na ja da baya taku ɗaya babu wanda zai lura. Kuma ina jin kunyar faɗin abin da ke raina a lokacin, don kamata ya yi ya zama addu'a. Amma abin da ke raina shi ne inda zan sa ƙafa.

Na matso har ƙaurina ya kusa taɓa ƙarfen. Na sauka, daidai tsawon turmi. Ƙirji sama. Na cika ciki da numfashi. Wani ya ce bismillah.

Na tura ƙasa.

Ta taso.

Daga nan aka kai ta kafaɗa. Kun san yadda ake yi, kowa yana son ya samu ladan ɗauka, ana karɓa ana sakewa. Wani dattijo ya taɓa ni zai karɓa, na ce masa, "Baba, ɗan ƙara mini kaɗan." Na riƙe har muka fita daga layin muka hau titi, sannan na ba shi. Na sake karɓa sau biyu kafin mu isa maƙabartar Tarauni. A bakin kabari da za a sauke ta ƙasa, na koma gefena na sauka da ita.

Da aka gama muna fitowa, Emeka na bakin ƙofa yana raba wa mutane wayoyinsu. Idonsa ya yi ja. Ya miƙo mini tawa, bai sake ta nan da nan ba.

Ya ce, "Na duba bayanka lokacin da kuka ɗaga."



Ya ce, "A miƙe yake."

Sannan ya ce, "To," yadda Koci yake faɗa, ya juya fuskarsa ga bango.

A hanyar dawowa na bi ta shagon. A rufe yake, amma ta ramin kwanon ana hango filin. Turmin na tsakiya. Sandar na kusurwa da farantanta huɗu, babu wanda ya taɓa. Malam Sabo ya ce bayan kwana bakwai za a zauna a ga yadda za a yi da wurin. Na roƙe shi kada a sauke farantan kafin nan. Ya ce ba komai.

Da na shigo gida Ilham ta gan ni ta nufi kujera. Na kira ta ta dawo. Na tsuguna na ɗauke ta daga inda take tsaye. Ta yi ta kallona, ba ta gane ba. Maman ta gane, ta koma kicin.

Ban san ko gobe zan tashi da ciwo ba. Yanzu dai babu. Na buɗe littafin na daɗe da biro a hannu, ga abin da na iya rubutawa: "Talata. Ɗauka daga ƙasa. Ban san nauyin ba."

Ban nemi yafiyarsa ba yana da rai. Na sami dama a falona, na sami dama shekara biyu a filinsa, kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace. Wasu za su ce ai bel ɗin da ya bari a ƙusa ya isa amsa. Wataƙila. Ni dai ban faɗa ba, kuma shi ya sa nake faɗa a nan.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Ana zaman makoki a gidansa da ke Gyaɗi-Gyaɗi.

Allah Ya jiƙan Malam Ɗanlami, Ya gafarta masa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haskaka shi. Yadda ya mayar da goshina ƙasa, Allah Ya sa wannan a mizaninsa, Ya sauƙaƙa masa tambaya. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. 'Yan'uwanmu Kirista da suka yi zama da shi, ku sa iyalinsa a addu'arku. Ni ma ku roƙa mini Allah Ya yafe mini abin da ban faɗa masa ba.